Tsiro: Daga Tulun Kunu Zuwa Masana'anta

A Amurka akwai dubban ƙananan masana'antun giya, waɗanda suka yaɗu bayan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar dafa giya a gidansa a 1978. Wasunsu kan kwaikwayi wata tsohuwar giyar Ingila da ake kira bita, mai launin tagulla. Masu ɗanɗana ta sun ce takan fara da ɗan zaƙi mai ƙamshin gasasshen burodi, sannan ta bar ɗaci a maƙoshi. Mu dai giya haramun ce gare mu, a Kano ma murƙushe kwalabenta Hisbah take yi. Sai dai wancan zaƙin na farko sana'ar iyayenmu mata ce tun kaka da kakanni, kuma yana da hannu a cinikin dawa a Dawanau.

Ɗacin ba namu ba ne, daga furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hof yake, wadda ake nomawa a yankin Kent na Ingila. Zaƙin kuwa daga tsiron sha'ir ne. Ana jiƙa hatsi, a baza shi, a rufe har ya fara tsira. Ƙwayar da ta farka sai ta saki sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma sukari, domin ta ciyar da kanta. Kafin ta cinye abincin, sai a busar da ita.

Duk mai kunun zaƙi a Kura ta san wannan aikin, ko da ba ta taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Takan dama gasara da tafasasshen ruwa ta yi kauri, ta jira ta huce, sannan ta zuba ɗanyen ƙullun da aka niƙa da tsiro ko busasshen dankali. Kan gari ya waye kunu ya tsinke, ya yi zaƙi. Da ta zuba da zafinsa, da sinadaran sun mutu, aiki ya ɓaci. A nan hanya ta rabu biyu. In aka sha ruwan tsiro a haka, abinci ne. In aka sa masa yisti, ko aka bar shi kwanaki cikin zafi, yistin zai cinye sukarin ya fitar da barasa. Shi ya sa kunun da ya fara kumfa yana tsami mai kaifi, zubarwa ya fi.

To, ina manomin Bunkure a wannan zance? A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, a 1988 ta hana shigo da tsiron sha'ir. Hanin farko shi ya ƙara wa noman alkama ƙaimi a Kadawa, Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta kwalbatoci lokacin hunturu. Na biyun ya tilasta wa masana'antu juyowa ga dawa, irin su SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar. Dawa ba ta da sauƙin kai kamar sha'ir: sitacinta sai da zafi mai yawa yake narkewa, sinadaranta na yin sukari kuma ba su kai ba, dole aka riƙa ƙara mata na kanti. Duk da haka, ko da aka ɗage hanin daga baya, masana'antun ba su rabu da ita ba, don ta fi arha. Yau tsiron dawa yana cikin lemukan kwalba irin su Maltina da kuma garin Milo, yana kuma cikin giya. Dillalin da ya zo auna ba lalle ya faɗa maka inda motar ta nufa ba. A ganina haƙƙin manomi ne ya tambaya, hukuncin kuma ya nema wajen malamai.

Masu sayen dawar tsiro ƙwaya mai rai suke so. Wadda ƙwari suka huda, ko ta yi fumfuna don an zuba ta a buhu da danshi, ba ta tsira daidai, kuma fumfunar kan bar dafin da ke lalata hanta. Akwai wani hatsarin da makiyaya suka fi kowa sani: gyauron dawa yakan kashe saniya, saboda ɗanyen tofonta yana ɗauke da guba. Gubar nan tana cikin saiwa da kan tsiron dawa ma. Wadda za ta yi tsiro a gida sai ta shanya shi ya bushe ƙarau, ta murje saiwoyin da kawunan, ta sheƙe su tas kafin ta kai niƙa.