Koyon halbi da bindiga

Ƴan uwa, da yawa cikinmu mun tashi mun tarda bindiga rataye a ɗakin kaka ko na baba. Adaka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wasu na ce mata halba-ka-ruga. Mahalbi ba ya miƙa wa ɗansa ita rana guda. Yaro sai ya daɗe yana bin shi daji, yana ɗaukar gora da burgami, yana kallo. Ba a biyan ko dala. Amma yau a Yamai yara nawa ke da uban da zai koya musu haka?

A wasu ƙasashe, ƙungiyoyi ne ke wannan aiki. A Amurka akwai wani shiri da ake kira Appleseed, wanda aka fara a shekara ta 2006. Malamansa ƴan sa kai ne, ba su da albashi, kamar dai wasu malaman yaƙi da jahilci na nan gida. Ran asabar da lahadi suna taruwa a filin halbi na wata ƙungiya. Maza da mata suna zuwa, har da yara tare da iyayensu.

To, mi ake fara koya musu? Dokoki huɗu ne, kuma ba mai taɓa harsashi sai ya san su. Ta farko, bakin bindiga kada ya dubi mutum, ko da kuwa ka tabbata babu komi ciki. Ta biyu, ba a ɗura harsashi sai malami ya ce a ɗura. Ta uku, yatsa ba ya hawa kunama sai an auna abin da za a halba. Kunama ita ce ɗan ƙarfen nan da ake ja bindiga ta tashi.

Ta huɗu ita ta fi burge ni: ka lura da na kusa da kai, in ya yi kuskure ka tsaida shi. Ko yaro ne ya ga dattijo ya karkata bakin bindiga wajen jama'a, sai ya yi magana. Nan wurinmu wannan da wuya, don kunya. Amma ku tuna yadda ake buga bindiga ran salla ko wajen tarbon babban baƙo, mutane cunkushe, yara na kutsawa. Shirun kunya a wurin nan yana iya jawo jana'iza.

Bayan haka ne ake shiga halbi. Ana kafa takarda a nisan metir 25. Mai koyo yana halbi a tsaye, da zaune, da kwance rub da ciki. Ana koya mishi ya kafa gindin bindiga a kafaɗa, ya tsaida numfashi kaɗan, ya ja kunama sannu sannu. Wanda ya fizge ta, bakin bindiga ya motsa, harsashi ya tafi wani wuri. A ƙarshe akwai jarrabawa: harsashi 40, maki 250. Sai mai 210 ake kira gwani, kuma da yawa ba su samu a zuwan farko.

Kada wani ya karanta wannan ya ce bari in tara samari bayan gari mu gwada. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma. Farauta ma tana da dokarta, mai lamba 98-07, ta ran 29 ga watan Afirilu 1998, wadda ta ce mai farauta ya nemi takarda. Cikin gandun daji na W kuwa an hana halbi sam. Mai tambaya sai ya je wurin ma'aikatan gandun daji ko jandarmomi.

Wanda ke da adaka ta gado a gida, ya aje ta babu ɗuri, albarushi kuma a wani wuri dabam, nesa da murhu, inda hannun yaro ba ya kai.