Ɗan Aiken da Ke Ciro Maiƙo a Jikinmu

Kusan kowane nau'in ƙwayar halittarmu yana da ɗakin narkar da shara, wato laisosom. Akwai wani maiƙo mai sukari, GM2, da ba ya narkewa sai wani ƙaramin furotin ya ciro shi ya miƙa wa mai yankawa.

To, yaya ake auna riƙonsa? Masana kan manna wa maiƙon alama mai ƙyalli, su haɗa shi da furotin ɗin cikin ruwa mai tsami, su bibiyi sauyin hasken. Furotin ɗaya, maiƙo ɗaya yake ɗauka.

A 1978, Conzelmann da Sandhoff a Jamus suka nuna rashinsa na tara GM2 a ƙwaƙwalwar jariri, kamar ciwon Tay-Sachs. Gadonsa ake yi daga uwa da uba tare. Shawarata: in akwai irinsa a dangi, ku ga likita kafin auren zumunci.