Musayar Kayan Gyara Tsakanin Tsofaffin Motocin A-Kori-Kura: Misalin Peugeot 404 da 504

Wannan maƙala ta dubi yadda kanikawa ke farfaɗo da tsohuwar a-kori-kura ta hanyar ciro kayan wata su ɗaura wa wata. Kamfanin Peugeot ya fito da samfurin 404 a shekarar 1960, sannan 504 a 1968, kuma masana'antarsa ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975.

Abin da ya sauƙaƙa musayar shi ne zumuncin injinansu, domin injin fetur mai girman cc 1618 da 404 ta yi tashe da shi an ci gaba da sanya shi a wasu a-kori-kuran 504. Saboda haka kafireto da fistin da kuloci sukan dace, muddin lambobinsu sun zo ɗaya. Amma ƙofa da gilashi da bonet ba sa musayuwa, saboda ƙirar bodin ta bambanta. Haka nan kayan sitiyarin motar Kenya, mai tuƙin hannun dama, ba sa zama a ta Nijeriya.

Wajibi ne a gwada lamba da awo kafin ɗauri, musamman a birki, inda kuskure kan jawo asarar rai.