Yadda Asirin Yaƙin Suwez Ya Tonu

Masu iya magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan magana ba kan talaka kaɗai ta tsaya ba, har gwamnatoci ma tana hawa kansu. A Ingila da can doka ta ce a kulle takardun gwamnati na asiri shekara 50 kafin jama'a su gan su. A 1967 aka rage wa'adin zuwa shekara 30, daga 2013 kuma aka fara rage shi zuwa 20. In wa'adi ya cika sai a buɗe mafi yawansu, malaman tarihi su gwada abin da shugabanni suka faɗa da abin da suka aikata. Bari mu ɗauki yaƙin Suwez don misali.

Ran 26 ga Yuli, 1956, Shugaba Gamal Abdul Nasir ya mai da mashigin ruwan Suwez mallakar ƙasar Masar. Dalili kuwa Amurka da Ingila sun janye alkawarin kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan, shi kuma yana son ya gina ta da kuɗin da jiragen ruwa ke biya. Abin ya ɓata wa Ingila da Faransa rai ƙwarai, don su ne masu kamfanin mashigin, kuma ta nan man fetur ɗinsu ke bi.

Ran 29 ga Oktoba Isra'ila ta auka wa Masar ta hamadar Sina'i. Kashegari Ingila da Faransa suka ce su masu rabon faɗa ne, kowane ɓangare ya tsaya mil 10 daga mashigin. To, jama'a, ku duba: sojan Isra'ila bai ma iso mashigin ba, Masar kuwa cikin ƙasarta ake cewa ta ja da baya. Da Nasir ya ƙi, ran 31 ga wata suka fara jefa wa Masar bama-bamai, ran 5 ga Nuwamba kuma sojojin laima suka sauka a Port Said. Mutane suka ce lalle biri ya yi kama da mutum. Amma ran 20 ga Disamba Firayim Minista Anthony Eden ya shaida wa majalisa cewa ba su da labarin Isra'ila za ta kai hari.

Ashe tun daga 22 zuwa 24 ga Oktoba wakilan ƙasashen uku sun haɗu a ɓoye a wani gida a Sèvres, kusa da Paris. Can suka shirya komai, da ranar harin, da wasan rabon faɗan, da ranar jefa bam. David Ben-Gurion ya sa hannu a madadin Isra'ila, Christian Pineau na Faransa, Patrick Dean na Ingila. Da Eden ya ji an rubuta abin a takarda, hankalinsa ya tashi, ya sa aka hallaka kofen Ingila.

Amma fa ba a iya rufe rana da tafin hannu. Wani ministansa, Anthony Nutting, wanda ya bar aiki saboda wannan yaƙi, ya fasa ƙwai cikin littafinsa a 1967. A Janairun 1987 aka buɗe takardun gwamnatin Ingila na 1956, aka ga cewa tun ran 23 ga Oktoba an gaya wa majalisar ministoci ana ganawa da Isra'ila a asirce a Paris. Ben-Gurion kuwa ya adana nasa kofen, a 1996 aka fito da hotonsa duniya ta gani.

Dabarar ma ba ta ci ba. Shugaban Amurka, Eisenhower, ya hana Ingila rancen da take nema don ceton fam ɗinta, dole aka tsagaita wuta, Eden kuma ya sauka a Janairun 1957. Sai dai waɗanda suka mutu a Port Said sun riga sun tafi, shekara 30 kafin a buɗe takardun. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in muka ji wata gwamnati tana bayyana dalilin shigarta yaƙi, mu saurara da kunnen basira, mu tuna akwai wasu takardu a kulle cikin akwati suna jiran ranarsu.