Kifin da Ke Lalube da Zare a Bakin Teku

Mu a Khaddamari kifin da muka sani shi ne tarwada da karfasa, sai bandar da ake saukewa a kasuwar kifi ta Baga da ke Maiduguri. Kogin Ngadda da ya biyo ta Maiduguri yana ƙarewa ne a fadamar Jere, Tafkin Chadi ma ba shi da hanyar zuwa teku. Shi ya sa akwai wani kifi na ƙasarmu Najeriya da ba zai taɓa faɗawa komar masuncinmu ba, ni kuwa ina son mutanenmu su san shi.

Masana suna kiran danginsa Polydactylus, kuma sun kai kusan iri 20 a tekunan ƙasashe masu zafi. Da yawansu mazauninsu gaɓar teku ne da ruwan zartsi, wato inda kogi ya shiga teku, ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri, ƙasa duk laka. Namu na Afirka ta Yamma ana samunsa tun daga gaɓar Senegal har zuwa Angola, har da tafkin Legas da bakin kogin Neja. Yakan kai tsawon mita 2, nauyinsa kilo 70 ko fiye. Namansa fari ne, yana kuma da tsada a kasuwannin Legas.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zaren. A ƙarƙashin fiffiken ƙirjinsa, ta kowane gefe, akwai wasu silla huɗu dogaye, kowace a ware take. A ruwan da laka ta turnuƙe, ido ba ya amfani sosai. Sai kifin ya baza zaren nan yana shafar ƙasa, kamar yadda tarwada ke yi da gashin bakinta, da ya ji motsin jatan lande ko kaguwa ko ƙaramin kifi sai ya cafke, domin bakinsa ta ƙasa yake, hancin ya zarce shi. Wasu 'yan uwansa na nesa a gaɓarmu sun fi shi yawan zare: akwai mai tara ko goma, akwai mai biyar da zarensa ya fi jikinsa tsawo.

A arewacin Ostareliya an gano wani abin al'ajabi a wani irinsa: yana fara rayuwa a namiji, sai ya girma ya riƙa sannan ya juye mace. Ikon Allah ke nan. Amma abin yana damuna, domin manyan da kowane masunci ke burin kamawa su ne masu ƙwai. In aka kwashe su, ƙananan da suka rage galibinsu maza ne. Ga shi kuma 'ya'yan namu na gida suna tasowa ne a rafukan Neja Delta, waɗanda malalar ɗanyen mai ta daɗe tana gurɓatawa.