Ƙofar Bagauda: Jiran gurbi, kuɗin makaranta da amanar mai neman zama lauya

A ƙasar Bebeji, kudu da birnin Kano, kusa da madatsar ruwan da aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, akwai harabar da a da aka sani da Otal ɗin Tafkin Bagauda. A yau wurin ya zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun saba da ganin ɗalibai cikin tufafi fari da baƙi, waɗanda aka turo daga kowane sashe na ƙasar nan domin su yi shekarar ƙarshe ta horo kafin a rantsar da su.

Sai dai kusanci da makaranta ba ya ba ɗan unguwa gurbi. Akwai gidajen da ɗansu ko 'yarsu ta kammala digirin lauya, aka yi walima, aka yi addu'a, sannan aka shekara ɗaya ko biyu ana jiran suna ya fito. Akwai kuma waɗanda sunan ya fito amma kuɗin rajista ya gagara. Mu iyaye da malamai mukan ce wa irin waɗannan su yi haƙuri, kuma haƙuri gaskiya ne. Amma da yawa daga cikin wannan jira tun ranar da aka zaɓi jami'a aka shuka shi, shekara biyar kafin a girbe shi. Tun ran gini tun ran zane.

Yadda ƙofar take

An kafa makarantar bisa dokar ilimin lauya ta 1962, ta fara aiki a titin Igbosere da ke Legas a watan Janairun 1963 da ɗalibai takwas kacal. A 1997 aka mayar da hedikwatarta Bwari a Abuja, daga baya aka buɗe rassa a Inugu da Kano da Yenagoa da Yola da Fatakwal, baya ga na Legas. Duk wanda zai tsaya gaban kotu a matsayin lauya a Najeriya, dole ya bi ta ɗaya daga cikin waɗannan rassa. Makarantar ce ke raba ɗalibai, saboda haka ɗan Kiru na iya samun kansa a Yenagoa, ɗan Inugu kuma a Bagauda.

Hukumar Kula da Ilimin Lauya ita ce ke tafiyar da makarantar, ita ce kuma ke tantance tsangayar koyar da lauya ta kowace jami'a, ta ƙayyade mata adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakin karatunta da kayan aikinta. Wannan adadi shi ne gurbin da jami'ar ke da shi a makarantar lauyoyi duk shekara. Idan an ba jami'a gurbi 100 ta ɗauki ɗalibai 200, to rabi za su wuce, rabi su jira, kuma baɗi wasu sababbi za su zo su tarar da su a layi. Daga nan cunkoson ke tasowa.

Abin ya kai ga hukunci. A watan Nuwamban 2023 hukumar ta dakatar da Jami'ar Baze da ke Abuja daga ɗaukar ɗaliban lauya na tsawon shekara biyar, saboda ta zarce gurbi 50 da aka ba ta. A watan Janairun 2025 kuma Hukumar JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas, ciki har da Makarantar Horar da 'Yan Sanda ta Wudil a nan Jihar Kano. Kafin wannan, waɗanda suka yi digirin lauya a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa sun yi shekaru suna fafutukar a karɓe su, domin hukumar ba ta amince da karatun lauya daga nesa ba.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Wani zai ce wannan lamarin 'yan boko ne, me ya kawo shi shafin addini? Amsar tana cikin tarihinmu da kuma kundin tsarin mulki. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Cikin waɗanda ta yaye akwai Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Magabatanmu sun gane tun da wuri cewa Shari'a ba ta tsayuwa sai da horarrun mutane.

A yau shari'ar gado ko aure ko wasiyya ko riƙon yara da aka fara a kotun Musulunci ta ƙauye tana iya hawa zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, har Kotun Ƙoli. Kundin tsarin mulki na 1999 ya tanadi cewa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a samu aƙalla alƙalai uku masana dokokin iyali na Musulunci. Waɗannan kujeru lauyoyi ne ke hawansu. Idan babu lauyoyin da suka san Risala da Mukhtasar da Tuhfa kamar yadda suka san dokar ƙasa, haƙƙin marayu da zawarawa zai faɗa hannun wanda bai san ƙa'idar rabonsa ba. Shi ya sa jami'o'i irin su Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suke koyar da Shari'ar Musulunci tare da dokar ƙasa.

Malaman fiƙihu sun halatta wakilci a gaban alƙali, wato mutum ya naɗa wanda zai yi magana a madadinsa. Amma sun yi masa iyaka. Aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana zama mai kare maha'inta. Hadisin Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya yi gargaɗin cewa wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa da iya zance, yankin wuta aka yanka masa. Sana'ar da ke da irin wannan nauyi ba a shiga ta ta ƙofar baya.

Ɗaure raƙumi kafin tawakkali

Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Ɗaurin raƙumi a nan shi ne bincike kafin a cike takardar JAMB ko a biya kuɗin jami'a mai zaman kanta.

Uba ya tambaya: shin Hukumar Kula da Ilimin Lauya ta amince da tsangayar lauya ta wannan jami'a? Amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ita kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa biyun. Gurbi nawa aka ba ta? Ɗalibai nawa ne a aji ɗaya? Akwai tsofaffin ɗalibai da ke jiran layi? Waɗanda suka kammala bara su ne suka fi kowa sanin amsar, kuma tambayarsu ba ta cin ko sisi.

Masu tura 'ya'yansu ƙasashen waje su ƙara taka-tsantsan. Wanda ya karanto lauya a waje sai ya fara yin zangon share fage a makarantar lauyoyi kafin ya shiga babban zango tare da sauran, kuma sai jami'ar da ya fito tana cikin waɗanda aka amince da su. Digirin Shari'ar Musulunci zalla, komai darajar jami'ar da ta ba da shi, ba ya maye gurbin darussan dokar ƙasa da hukumar ta wajabta. Mai irin wannan digiri malami ne, yana da hanyarsa ta koyarwa da alƙalanci a kotunan Musulunci, amma hanyar zama lauya daban take. Bayan an tattara bayani sai a yi shawara da masana, a yi istihara, a yanke.

Idan jira ya zama dole

Wanda ya riga ya faɗa layin jira, jarrabawarsa ta fara. A nan ne masu raɗa ke zuwa, su ce akwai wanda zai saka suna a jerin bana idan an ba da wani abu. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya la'anci mai ba da cin hanci da mai karɓa. Kuma tunda gurbin ƙidayayye ne, duk sunan da aka cusa, an ture na wani ne da ya riga shi. Haka yake ga sauya sakamako ko ɓoye laifin da aka taɓa hukunta ɗalibi a kansa a jami'a. Kafin a rantsar da mutum sai majalisar dattawan lauyoyi ta gamsu da halinsa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ɗalibi na da haƙƙin ya san matsayinsa. Ya tambayi tsangayarsa da wane ma'auni take tsara jerin, da shekarar kammalawa ne ko da darajar sakamako. Ya rubuta ƙorafi cikin ladabi idan ya ga an tsallake shi, ya haɗa kai da 'yan'uwansa masu jira. Neman haƙƙi ta hanyar da ta dace ba ya rushe haƙuri. Mun ga misali a kan Firdausi Amasa, wadda ta kammala Jami'ar Ilorin, aka hana ta shiga zauren rantsarwa a Abuja a watan Disambar 2017 saboda ta ƙi cire hijabinta. Ba ta cire ba, ba ta kuma bi ta bayan fage ba. Ƙungiyoyin Musulmi suka tsaya mata, Majalisar Wakilai ta shiga maganar, a watan Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. 'Ya'yanmu mata da ke zuwa Bagauda a yau suna cin moriyar watannin da ta yi tana jira.

Shekarar jira kuma ba ta zaman banza ba ce. Wasu kan yi hidimar ƙasa a cikinta. Wasu kan zauna a ofishin wani lauya suna koyon rubuta takardun ƙara, ko su riƙa halartar zaman kotu. Ga ɗalibi Musulmi, babu lokacin da ya fi wannan dacewa da zama gaban malamin zaure a karanta babin gado da na shaida da na hukunci, domin darussan makarantar lauyoyi sun fi karkata ga tsarin shari'ar laifuka da ta haƙƙoƙi, da harkar kamfanoni, da ta filaye da gidaje, da ladubban sana'a.

Kuɗi da tallafi

A zangon 2023/2024 kuɗin makarantar ya tashi daga Naira 296,000 zuwa Naira 476,000. A kan wannan akwai abinci da littattafai da tufafi da kuɗin mota, da watannin da ɗalibi zai yi yana koyon aiki a kotu da ofishin lauya, sannan kuɗin rantsarwa da baƙar riga da hular lauyoyi. Manomin masara a Doguwa ko na shinkafa a Tudun Wada ya san buhu nawa wannan lissafi zai ci. Tunda an san ranar na tafe, kamata ya yi a fara tanadi tun yaro na aji uku, ko da tunkiya ce ake kiwo da sunansa, don kada a wayi gari ana jinginar da gona ko a faɗa bashin ruwa.

Gwamnatocin jihohi da wasu masu hali kan taimaka wa ɗaliban makarantar lauyoyi, sai dai tallafin yakan zo a makare, kuma ba kowa yake samu ba. A nema, amma kada a jingina rajista a kansa. A karanta sharuɗɗansa kafin a sa hannu. Wanda ya karɓi takardar shaidar zama ɗan wata ƙaramar hukuma alhali ba ɗan can ba ne, ko ya nuna talauci alhali gidansu na da wadata, ya ci rabon wani. Masu raba tallafin su ma aya ta 58 a Suratun Nisa'i tana kansu, wadda ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita da yin hukunci da adalci. Jerin sunayen masu cin tallafi amana ne, ba ganimar 'yan siyasa ba.

Saura mu al'umma. Ɗalibin da ya samu gurbi ya rasa abin biya yana shiga cikin matalauta da mabuƙata da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, don haka zakka na halatta gare shi ta wannan fuska. Jihar Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi, kuma babu abin da ya hana masallatan Juma'a da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su kafa asusun bashi marar ruwa, ɗalibi ya karɓa ya biya bayan ya kama aiki, na bayansa ya amfana. Mai hali kuma zai iya yin waƙafin shago ko gona domin wannan. Abin takaici ne a ce makarantar na cikin ƙasarmu, muna sayar wa ɗalibanta abinci muna kai su kasuwa a babur, amma ɗan maƙwabcinmu ya rasa gurbinsa saboda kuɗin da mutum ashirin za su iya haɗawa bayan sallar Juma'a ɗaya.

Hadisi ya kasa alƙalai gida uku, ɗaya ne kawai a Aljanna, wato wanda ya san gaskiya ya kuma yi hukunci da ita. Lauyan yau shi ne alƙalin gobe, kuma yadda ya shiga sana'ar haka zai riƙe ta. Allah Ya buɗa wa masu jira, Ya hore wa iyaye abin biya ta hanyar halal, Ya ba mu lauyoyi da alƙalai masu tsoronSa.