ƘWAYAR ZAZZABIN CIZON SAURO BA TA DA ƘWAƘWALWA, TO WA KE GAYA MATA LOKACIN FITA?

Daga Wakilinmu a Gombe

Da zarar damina ta yi nisa, watau daga watan Agusta zuwa Oktoba, ba sai an gaya wa mutumin Gombe abin da ke cika asibitoci ba. Daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari zuwa Tudun Wada, da wuya a sami gidan da zazzabin cizon sauro bai leƙa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 cutar ta kashe mutane kimanin 597,000 a duniya, kuma wajen kashi 30 cikin 100 na mamatan 'yan Nijeriya ne, akasarinsu yara ƙanana.

Abin mamaki shi ne, halittar da ke yin wannan ɓarna ƙwaya ɗaya ce tal, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ba ta da ido, ba ta da kunne, balle ƙwaƙwalwa. Amma duk da haka ta san lokacin da za ta fasa ƙwayar jinin mutum ta fito, ta kuma san sa'ad da ta bar jikin mutum ta shiga cikin sauro. To, wa ke gaya mata? Masana ilmin halittu sun gano cewa babban ɗan aiken da ke kai wannan saƙo shi ne sinadarin kalsiyam, wanda ke cikin ƙashinmu da madara da ɓawon ƙwai, shi ne kuma ke cikin dutsen da a ke haƙa a Ashaka domin yin siminti.

ZUCIYAR KWAƊO

An fara gane muhimmancin wannan sinadari ne a birnin Landan cikin 1883. Wani likita mai suna Sydney Ringer yana gwaji da zuciyar kwaɗo a cikin ruwan gishiri, sai ya ga ta daɗe tana bugawa fiye da yadda ya zata. Ashe mataimakinsa ruwan famfo ya yi amfani da shi maimakon tataccen ruwa, shi kuwa ruwan famfon akwai ɗan kalsiyam a ciki. Da aka cire shi, sai zuciyar ta tsaya.

Daga baya aka fahimci yadda abin ya ke. Kowace ƙwayar halitta ta kan yi ta korar kalsiyam daga cikinta, har wanda ke waje ya ninka na ciki wajen sau 10,000. Saboda haka, da an buɗe ƙofa kaɗan ya kwararo, nan take ƙwayar za ta ji, kamar yadda a ke jin ganga a gari cikin dare in kowa ya yi shiru.

WADDA BA TA JA DA BAYA

Wadda ta fi bayyana wannan sirri ita ce wata halitta mai ƙwaya ɗaya da a ke kira faramisiyam. A kan same ta a ruwan kududdufi da tafki, jikinta duk gashi ne siri-siri wanda ta ke tuƙa kanta da shi. In ta yi karo da wani abu sai ta ja da baya, ta juya, sa'an nan ta kama wata hanya. Wani Ba'amurke, Herbert Jennings, ya bayyana wannan hali nata a littafinsa na 1906, amma dalilin bai fito ba sai bayan shekara 60 da 'yan kai.

A 1969, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, Yutaka Naitoh da Roger Eckert suka soka mata wata siririyar allura mai auna lantarki. Bincikensu ya nuna cewa in an taɓa ta ta gaba, ƙofofin kalsiyam su kan buɗe, gashin ya juya, ta koma da baya. In kuwa ta baya aka taɓa ta, wasu ƙofofin dabam ne ke buɗewa, sai ta ƙara gudu gaba. A 1971 wani masani, Ching Kung, ya ware waɗansu daga cikinsu masu naƙasa ta gado, waɗanda ƙofofinsu na kalsiyam ba sa aiki. Ko da bango suka yi karo ba sa iya ja da baya, shi ya sa ya raɗa musu sunan ɗan darar Turawa wanda gaba kawai ya ke tafiya. Nan aka tabbata cewa in an toshe hanyar saƙon, halin dabbar ya canja.

MU KOMA KAN ZAZZABI

Ƙwayar zazzabin cizon sauro, wadda masana ke kira falasmodiyam, ita ma da wannan saƙo ta ke aiki. Irin wadda ta fi addabar ƙasarmu ta kan yi awa 48 a cikin ƙwayar jini tana hayayyafa, sa'an nan 'ya'yan su faso waje su auka wa wasu ƙwayoyin jinin. Lokacin fashewar nan ne majinyaci ke jin sanyi da makyarkyata. A 2010 Jeffrey Dvorin da abokan aikinsa a Jami'ar Habad ta Amurka suka hana aikin wani sinadari mai karɓar saƙon kalsiyam, wanda a ke kira CDPK5. Ƙwayoyin suka girma, suka ƙosa, amma suka kasa fita, suka zauna a kulle.

Na cikin sauro ya fi wannan ban mamaki. In macen sauro ta tsotsi jinin majinyaci, ta kan haɗiye maza da matan ƙwayar cutar. Da sun ji zafin jikin mutum ya ragu, suka kuma haɗu da wani sinadari na cikin sauron, sai kalsiyam ya tashi a cikinsu cikin 'yan daƙiƙu. Kafin minti 15 namijin ya fitar da 'ya'yan maniyyi 8 masu wutsil-wutsil. Wannan motsi ne wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya gani a jinin wani majinyaci a Aljeriya cikin 1880, har ya gane cewa abu mai rai ne ke kawo zazzabin. A 2004 Oliver Billker da abokan aikinsa a Landan suka nuna, da irin ƙwayar da ke kama ɓeraye, cewa in babu sinadarin CDPK4 namijin ba ya iya wannan aiki, cutar kuwa ba ta kama sauron, balle ya kai wa wani.

INA AMFANINSA GARE MU?

Irin waɗannan sinadarai akwai su a tsire-tsire da wannan ƙwaya da danginta, amma babu su a jikin ɗan Adam. Ke nan ana sa ran samun maganin da zai toshe kunnen ƙwayar cutar ba tare da ya taɓa majinyaci ba. A 2012 masana a Jami'ar Washintan da ke birnin Siyatil sun ba da rahoton wani haɗi da ya hana cutar shiga sauro a ɗakin gwaji. Sai dai har yanzu irin wannan magani bai iso kantin magani ba. Ana kuwa bukatar sabuwar hanya, domin ƙwayar ta riga ta gagari kulorokwin tun tuni, an kuma fara ganin alamun tana jure wa magungunan yau a wasu ƙasashen Gabashin Afirka.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa barin shan nono ko madara zai kashe cutar. Sam, jikinmu yana bukatar kalsiyam, ita kuwa ƙwayar tana da nata rumbu a cikinta. Abin da ke hannunmu shi ne kwana cikin gidan sauro, da kawar da ruwan da ke kwanciya a unguwa, da karɓar maganin rigakafin da a ke raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a lokacin damina, da zuwa gwajin jini kafin shan magani.

Sauran magana tana ga jami'o'inmu. Akwai Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, ga kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya a cikin gari. Faramisiyam ɗin da aka fara wannan bincike da ita tana nan a kududdufanmu, ba sai an sayo ta daga waje ba. Abin da ɗalibanmu ke bukata shi ne madubi mai kyau, da lantarki tsayayye, da kuɗin bincike. Tun da mu ne ke binne yaran, ya kamata a ce da hannunmu a neman maganin.